Ƙyastun Gidanmu Ya Tafi Cikin Gilashi

Assalamu alaikum ƙanena Abdul-Aziz,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali, Ya kuma sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan. Mu nan unguwar Satwa ta Dubai lafiya lau, sai zafi. 'Yata Ummulkhair ce ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Maganar ɗanka Hafiz ce. Ya zo Dubai taron masana, ya kwana biyu a wurina. Da bakinsa ya yi mini bayanin aikinsa a Turai. Wai suna da tukunya mai siffar awarwaro, tokamak sunanta, a ciki ake so a hura wuta irin ta rana, maganaɗisu ya riƙe ta kada ta taɓa bango. Ya ce wahalar duka a tashin farko take, iskar ciki ba ta kamawa da sauƙi. Shi aikinsa ya aika wata igiya marar ganuwa, irin ta na'urar ɗumama abinci, bugunta daidai da juyin ƙananan ƙwayoyin da ke ciki, sai su yi zafi su kama. Na ce masa ai a maƙera ma mai zuga wuta bugun masaba yake bi. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ƙyastu nake yi, na zamani."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Shekara talatin ina ɗaure kago, wato kayan 'yan kasuwa, a kasuwar Deira, hannuna ya manta guduma, amma ƙyastun maƙerarmu, ƙarfen nan na ƙyasta wuta, bai bar akwatina ba. Ka san ƙa'idarsa: ba ya fita gida, kuma mai karɓa sai ya jera sunan duk wanda ya ƙyasta da shi. Na ɗauko, na sa Hafiz ya durƙusa, ya jera su har sau uku, na danƙa masa.

Ranar Asabar Ummulkhair ta nuna mini taron a waya, tana fassara mini. Ga Hafiz a gaban jama'a ya ɗaga ƙyastunmu, ana tafi. Wani ya tambaye shi inda ya samo shi. Ya ce a kasuwar tsofaffin kaya ya tsinta, bai san na waye ba. Sannan ya miƙa wa shugabansu kyauta, wai a sa a gilashi a ƙofar ofishinsu. Na sa ta maimaita mini wurin, ko kunnenta ne. Ba kunnenta ba ne.

Da na kira shi, cewa ya yi wasa ne kawai, mutanen can ba za su gane zancen kakanni ba, kuma ƙarfe ne, zai sayo mini wani. Na ce khalas, shi ke nan, na kashe wayar.

Ban ce ka yi masa faɗa ba, ban kuma ce a dawo da shi ba. Ƙarfen ya tafi. Sunayen ne nake tsoron su bi shi, don haka ga su, ka adana takardar nan a cikin littafin Baba: Jatau, Barau ɗan Jatau, Tanko Mai Masaba, Gambo mahaifinmu, sai ni. Na ce wa Ummulkhair ta tsaya a nan, kada ta ƙara kowa.

Ka gaida Khadijatu da Mahfuza da jikoki. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayanka,
Ɗalhatu Maƙeri