Ku Bar Baba Ya Ƙarasa

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Baba? Ya Inna da yara? Allah ya ƙara sauƙi.

Albishirinki, na sami aiki! Wani asibiti ya ɗauke ni ina koya wa marasa lafiya magana. Karatun nan da Kawu ya ce ɓata lokaci ne, ashe masu shi ake nema ruwa a jallo. Wurare uku suka kira ni a mako guda. Yadda na yi watannin jiran takardar izinin aiki kuwa, ba sai Inna ta ji ba. Na ɗan rame, amma ya wuce.

Jiya aka kawo wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki irin ta Baba. Na zaunar da shi gaban madubi, ya yi ta kokawa da sunan matarsa. Matar na gefensa, na ga za ta faɗa masa, sai na riƙe hannunta, muka yi tsit. Da ƙyar sunan ya fito, amma daga bakinsa ya fito. Ta fashe da kuka.

Nan na tuna mu. Baba na buɗe baki mun riga shi: "Ruwa kake so? Filo?" Mu a tausayi muke, ashe ƙwace masa magana muke yi. Don Allah, in ya fara, ku ƙirga goma a zuci. Ku bar shi ya ƙarasa.

Ki gaya wa Kawu, wadda ya sa wa suna Aku saboda surutu, yau shirunta ake biya.

Ƙanwarki,
Aku