Jirgina a Kan Gonar Yakubu

Laraba da dare, Kafanchan

"Ladi, wannan ƙaramin jirgin naki mai kyamara, wa kike ɗaukar wa hoto?" Dattijon cocinmu na Manchok ke tambayata yau a ofishin fasto. Na ce wasa ne, Baba, in na gaji da rubuta manhaja nakan tayar da shi in kalli gonakin citta. Ba wanda ya yi dariya. Ranar Asabar na tayar da shi a kan gonar Yakubu, wani ɗan cocinmu, ranar Litinin 'yan bindiga suka ɗauke Yakubu a can.

Fasto ya ce, "'Yata, kada ki kwana a garin nan."

Matasa na zaune kan babura a waje. Ina fita aka sa wa ƙofar ofishin sakata. Ban tsaya ba sai Kafanchan.