Tantin da Na Raina

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya zafin Lakwaja, ya jikin Sadiya? Mu a Bunkure lafiya ƙalau, an gama dashen shinkafa.

Da za mu fita da shanu dajin Falgore, Baffa ya sayo tanti biyu a gwanjo, ɗaya nawa ɗaya na ƙaninmu Iro. Da yake na girme shi, ni na fara zaɓa. Na rungumi ƙaton na tamfol mai sandunan ƙarfe, na bar masa ɗan yalolo wanda in an naɗe bai fi matashin kai ba. Har na ce, "Wannan ai gidan sauro ne."

Yaya, kwana uku muna tafiya a ƙasa. Ina ɗauke da nawa a ka, wuya ya sage, shi kuwa ya rataya nasa a kafaɗa yana fito. Da ruwa ya tsuge, kafin in kafa sanda biyu ya shige nasa, ya leƙo ya ce, "Yaya Sale, ko za ka shigo gidan sauron?" Na jiƙe sharkaf, amma ban shiga ba.

Har yau in na kalli tantin nan sai raina ya sosu. Iro yana jin maganarka. Ka rubuto masa cewa ƙani ke ɗaukar kaya mai nauyi, amma kada ka ce ni na faɗa.

Ka gaida yara. A sa mu a addu'a, musamman wuyana.

Ƙaninka,
Sale