Hanyar Tarakta Ce Ta Raba Ni da Ƙanena

Gwaggo Sarie, don Allah ki agaza mini kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Akwai wasiƙar ƙara a jakata, kwananta tara, na kasa aikawa, na kasa yagawa.

Da babanmu ya rasu, ya bar mana gonar inabi a gindin dutsen Paardeberg, ni da ƙanena Gerrit. Hanyar tarakta ce ta ratsa tsakiyarta, kuma nan iyakar hukuma ta bi: hagu yankin Paarl, dama yankin Swartland. Ni ce babba, aka ce in fara zaɓa. Wa zai ɗauki Swartland a lokacin, ƙasar alkama da giyar jarka? Na ɗauki Paarl, na bar masa tsofaffin itatuwan da Baba ya dasa a 1968, waɗanda shi Baban da kansa ya yi niyyar tumɓukewa. Har dariya na yi masa.

Yau fa? Duniya ta juya, kowa giyar Swartland yake nema. Kwalbar Gerrit na ɗauke da hatimin tsohon itace, da shekarar dashe, da hoton Baba sanye da hular kaba. Baban da ni na yi jinyarsa shekara uku, Gerrit yana Cape Town yana sayar da tayoyi! Nawa inabin kuwa motar ƙungiyar manoma ke kwashewa, a juye a tanki tare da na mutum arba'in, babu mai sanin sunana. Ran Lahadi a wajen gashin nama matarsa ta zuba mini tasu, wai in ɗanɗana in ji abin da ake kira giya. Na haɗiye kamar maɗaci. Ina kishinsa, Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba.

Bana zafi ya ƙone masa amfani, ya zo yana sosa ƙeya, na ba shi tan biyu na nawa. Kin san doka: kwalbar da ta ce Swartland, ko ƙwaya ɗaya ba za ta fito daga wani wuri ba. Na tabbata zai haɗa ya yi shiru. In na kai ƙara wurin hukumar giya, za a hana shi hatimi. Ina da gaskiya, ko ba haka ba?

Yayar da ke Hagun Hanya

*

'Yar'uwa, na ji ciwonki, kuma ba na banza ba ne. Sa hoton mahaifinku ba tare da ya shawarce ki ba rashin kyautawa ne, matarsa kuma bakinta na bukatar linzami. Dokar ma kin faɗe ta daidai. Tun 1973 aka kafa ta don mai saye ya yarda da abin da ya karanta, kuma sassaucin haɗa kashi goma sha biyar cikin ɗari da ake yi wa nau'in inabi da shekarar girbi bai shafi sunan wuri ba.

Amma kin ga ya haɗa? Ba ki gani ba. Kin ce kin tabbata ne kawai. Sannan ki tambayi zuciyarki: ranar da kika loda masa tan biyun nan, taimako kika yi ko tarko kika ɗana? Ke kika zaɓi hagu da hannunki, shi kuma ya yi shekaru yana lallaɓa itatuwan da kowa ya raina.

Ki tsallaka hanyar nan gobe da safe, ki tambaye shi gangar da inabinki ya shiga. In yana shirin maguɗi, ki tsawata masa a matsayinki na yaya, tun kafin a liƙa takarda a jikin kwalba. Sannan ki tuna masa abin da ku biyun kuka sani: Paarl da Swartland duk suna cikin yankin Gaɓar Teku. Giyar da ta haɗa hagu da dama halal ɗinta ne ta ɗauki wannan suna, da sunanki kusa da nasa. Ita ce kaɗai kwalbar da ta cancanci hoton babanku, domin shi gona ɗaya ya noma.

Wasiƙar kuwa, ki kunna wutar gashin Lahadi da ita. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ku kaka mai albarka.

Gwaggo Sarie