Inuwar da ke gefen dama

Litinin, 3 ga Maris

Shagon walda, ni na kafa shi. Gidan nan, ni na gina. Ƙofofin ƙarfe na rabin unguwar nan aikina ne, kuma ba wadda na taɓa ɗora wa ma'aunin ruwa don in ga ko ta miƙe. In rufe idon hagu, in duba da na dama, shi ke nan. Ba wanda ya riƙe mini ko ƙusa. Aikin yanar idon ma da aka yi mini wata biyu baya, da ƙafata na je.

Alhamis, 6 ga Maris

Akwai wata inuwa a gefen idon dama, siririya kamar lauje. In na juya, sai ta yi rawa ta tsaya. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 15 ga Maris

Mun rataya ƙofar makaranta, mafi girma da na taɓa yi. Babban ɗana, wanda nake wa tsiya da Injiniya, ya ce, "Baba, kamar ta karkace." Na ce uban wa ya koya maka ido? Ya ɗora ma'auninsa. Ruwan ya gudu gefe guda. A gaban leburori.

Talata, 25 ga Maris

Likita ya leƙa ya daɗe. Wai ɗan gilashin da suka dasa mini cikin wata 'yar jaka yake zaune. Jakar ta tsuke ta gefe ɗaya, zaruruwan da ke riƙe da ita sun saki, gilashin ya goce. Bakin gilashin ne inuwar da nake gani. Na ce, wato firam ɗin ƙofa ya murɗe, hinjin da ke riƙe da ita ya saki. Ya yi dariya ya ce, "Ka gama karatun, Baba." Ya ce ba guduma, ba sunkuyo. In ba a ɗinke shi da jikin ido ba, zai iya faɗawa ciki, idon ya tafi.

Na ce in an ɗinke, inuwar fa? Ya ce za ta ɓace.

Na ce zan yi tunani.

Laraba, 2 ga Afrilu

Da rana tsaka a shago, ga inuwar daidai kafaɗata ta dama. Nan uwar yara take tsayawa, Allah ya jiƙanta, lokacin ba ni da ko yaron shago. Ta riƙe ƙarfen da tsumma, ta kau da kai daga wuta, ta ce, "Malam, ɗaga kaɗan." Kullum kaɗan. Ni kuwa in ɗaga, in ce dama abin da zan yi ke nan.

Gilashi ne, na sani. Likita ya faɗa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Yau inuwar ta ƙara faɗi. Na ce mata sannu. Injiniya ya ji, ya fita.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Litinin za a ɗinke. Injiniya zai kai ni, don dai titi ya lalace.

Ya sauke ƙofar makaranta ya sake rataya ta. Na bi ta da hannu, ba laifi. Na gaya masa kafin a shafa fenti a zana sunana a jikinta da walda, manyan baƙaƙe, yadda ba mai kankarewa. Ni na yi ta.

A bar wa uwar yara wuri a gefen dama.