Minti Uku Kacal

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi ke kaɗai tun ranar da shanyewar jikin nan ta same shi.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa maimakon kira. Wayoyinmu tun daga ƙofar ofis ake kulle su a akwati, kuma wanda ya wuni yana amsa kiran mutum ɗari da wani abu, in ya koma gida ko sallama da ƙyar take fita. Rubutu kuwa ina iya yinsa a ɗan hutun da ake ba mu da rana. Direban motar da ke bi ta unguwarku zai riƙa kawo miki. Ki karanta wa Baba, tunda kin ce ba ya jin waya sosai.

An kawo mana sabon manaja. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, kullum cikin murmushi. Ya sa an kafa wani babban allo mai haske a bango, gaban teburanmu, da lambar kowa a jiki. Kira ɗaya, minti huɗu. In kin gama a cikinsu lambarki ta yi kore, in kin wuce ta yi ja, kowa na kallo. Ya ce wanda ya fi kowa a ƙarshen wata shi zai fara zaɓen ranakun hutu. Da jin haka na ce a raina, Baba ga ni nan.

Sai na zauna na yi wa kaina tsari. Na lura ƙorafin masu kira bai wuce kala tara ba: layi ya toshe, saƙo ba ya shiga, an manta lambar sirri, da ire-irensu. Na yanka kwali tara, na rubuta amsar kowanne a taƙaice, na jera su a gabana. Na rage doguwar gaisuwa. Rahoton da wasu ke bari ya taru har yamma, ni ina cike shi mai kira na kan magana. Yaya, sati biyu ke nan ban ga ja ba.

Mai tebur kusa da nawa wata babbar mace ce, duk ofis Gwaggo muke ce mata. Ita ta koya min aikin lokacin da ko maɓallin amsa kira ban sani ba. Lambarta kullum ja wur. Tsoho zai kira kan layinsa, ta ƙare tana tambayarsa ciwon gwiwa. Na ara mata kwalayena, ta juya su ta yi dariya, ta ce, "Ke 'yar nan, mutum ba buhu ba ne da za a ɗora a sikeli a sauke."

Ki ce wa Baba ƙarshen wata Autarsa na tafe, kwana goma cur. Ki shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Yaya ƙarfin jikin Baba? Wannan karon kada ki karanta masa.

Na zo ta ɗaya, amma ba zan zo ba.

Manaja ya tara mu ya yaba min a gaban kowa. Ya karɓi kwalayena, ya sa aka buga, aka manna a kowane tebur. Sannan ya ce tunda na nuna ana iya gama kira a minti uku, daga yau minti uku ne ga kowa. Ba wanda ya kalle ni, kuma da sun kalle ni da ya fi min sauƙi. Yanzu in na shiga ɗakin cin abinci hira sai ta mutu.

Sati biyu bayan haka aka sallami Gwaggo da wasu mutum uku. Tana kwashe kayanta, kofin shayinta da hoton jikokinta da ɗan matashin da take sawa a baya, ni kuwa ina kan kira. Na so in miƙe, amma saura daƙiƙa arba'in in shiga ja. Ta dafa kafaɗata ta wuce. Da na ajiye kiran wani ya shigo. Ban raka ta ko ƙofa ba, Yaya.

Ba a ɗauki kowa a madadinsu ba, kiransu aka raba mana. Da na kai takardar hutuna, manaja ya karɓa hannu biyu, ya ce haƙƙina ne, ba mai tauye min, sai dai in ɗan jira abubuwa su daidaita. Na ce mahaifina ba lafiya. Ya yi addu'a mai kyau, ya sa takardar a aljihun tebur.

Na daina shan ruwa da safe, don zuwa banɗaki ma ana ƙirga shi. Ɗakin ba taga, sai fitilu farare da sanyin na'ura, ban san hadari ko rana ba sai na fito. Na'urar amsa kira da muke maƙalawa a kai da kunne ta yi min sawu a gashi.

Ranar Lahadi da kika kira ni kika ce kamar ina sauri, na ce miki tukunya ce a wuta. Ƙarya na yi. Ba abin da na ɗora. Ji na yi kawai minti uku sun cika, na ƙagu in ajiye wayar. Ki yafe min.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Na ga takardarki. Kin ce in ajiye aikin in taho. Wallahi na rubuta takardar barin aiki har sau biyu. Amma kin san shekara uku na yi ina yawo da takarduna kafin na sami wannan, kuma a bakin ƙofarmu kullum akwai masu jira.

Sai na gwada wata dabara. Na ce bari in rage gudu, in shiga ja, ko manaja zai ga ba ni da wani amfani na musamman ya sake ni. Ashe ya canza tsari: yanzu layi-layi na tebura ake auna mu, mu takwas a haɗe, kuma layin da ya zo ƙarshe daga cikinsa ake rage mutum. Gudun da nake yi shi ke rufa wa layinmu asiri. Kwana biyu da fara jan ƙafata, wata mai ciki 'yar layinmu ta tare ni wajen wanke hannu. Wata biyu ba ta yi min magana ba. Ta ce, "Ke kika jawo mana minti uku. Yanzu kuma za ki sake mu a tsakiyar ruwa?" Idonta ya ciko.

To kin ji. In na yi sauri a ƙara matse kowa, in na sassauta a kori wani. Gaba kura, baya siyaki. Na koma kore.

Amma na samu kwana ɗaya. Asabar mai zuwa zan biyo motar farko, in juyo da ta ƙarshe. In an cire hanya, awa uku zan yi a gida. Ki faɗa wa Baba, wannan karon da gaske ne.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Na iso lafiya. Ina fatan Baba ya kwana da sauƙi. Na gode da abincin da kika ƙunsa min, ban iya ci a mota ba.

Kin ga fuskata da na fito daga ɗakinsa, kika tambaye ni, na ce gajiya ce. Ga abin da ya faru lokacin da kika fita shanya.

Ban zaci ya rame haka ba. Na zauna a bakin gado, ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana kallona. Sai ya fara magana. Kin san yadda harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita. Ya ce, "Auta... ina... so..." Ya tsaya yana nema.

Na ce, "Ruwa, Baba?" Ya girgiza kai. Ya sake farawa. Na ce, "A gyara maka matashi? Magani? In kira Yaya?" Haka na jero masa su, ɗaya bayan ɗaya, da muryar nan tawa ta aiki mai zaƙi, yadda nake yi wa mai kiran da ya tsaya inda-inda. Ban san ina yi ba sai da na ji hannunsa ya saki nawa. Ya yi ɗan murmushi da gefen bakinsa, ya ce, "Shi ke nan." Ya juya fuska bango.

Na ce ya faɗa, ina ji, ba inda za ni. Ya rufe ido. Na zauna awa ɗaya da rabi a wurin, ban ce uffan ba, ina jira. Bai ƙara magana ba har kika leƙo kika ce mota za ta tashi.

Yaya, mutumin da ya zauna da ni shekara guda a tsakar gida ina in'ina a kan karatu, bai taɓa ƙarasa min kalma ba.

Yau da safe manaja ya kira ni ofishinsa. An ɗauki sababbi goma sha biyu, ni zan koya musu aiki, wata uku, ba fashi. Ya ce in sun kama hannu, maganar hutuna ita ce ta farko. Na ce to. Ban san me ya sa bakina ya ce to ba.

Ga roƙona. In kin ga ya sami natsuwa, bayan kin ba shi abinci, ki zauna kusa da shi ki tambaye shi abin da ya so faɗa min. Kada ki taya shi. Ko zai kai la'asar a kan kalma ɗaya, ki bar shi ya kai ƙarshe da kansa. Ki rubuto min yadda ya faɗa, har da inda ya tsaya. In kuma ya ce ya manta, kada ki ƙirƙiro min wani abu don ki kwantar min da hankali, zan gane.

Hutun rana ya ƙare, lambata ta fara ƙiftawa. Ki gaida kowa. Ki riƙe min hannunsa.

Ƙanwarki,
Auta