Link ɗin Bulus da Na Cire

Salama gare ku 'yan uwa. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni karatu.

Ni ɗalibi ne a Kafanchan. Tun bara, 1998, nake taimakawa a wata manhajar buga rubutu ta kyauta, irin wadda kowa ke iya sa hannu. Aikina ƙarami ne, ina bin littafin bayaninta in danna kowane link, wanda ba ya buɗewa in gyara ko in cire. Ba mu da intanet a nan, sai ran Asabar nake hawa bas zuwa Jos. Ƙa'idata, ba na cire link sai na gwada shi Asabar uku a jere, don layin waya yakan yi ƙarya.

Abokina, bari in kira shi Bulus, ɗan Zonkwa ne. Hutu biyu ya yi a gaban kakarsa yana rubuta sunayen itatuwa da tsuntsaye da yarensu, ya zuba a wani shafin intanet na kyauta, littafin bayanin ya nuna shafin a matsayin misali. Ta link ɗin nan kaɗai mutane ke zuwa wurin. Wata rana a gaban 'yan ajinmu ya ce shi magini ne, ni kuwa mai shara, aka yi ta dariya. Asabar da ta biyo, shafinsa ya yi jinkirin buɗewa. Sau ɗaya na gwada. Na rubuta "ba ya aiki", na cire.

Ban san masu shafukan kyauta suna share wanda aka daɗe ba a leƙa ba, Bulus kuma yana ƙauye yana koyarwar gwaji. Kakar ta rasu da damina, Bulus ya bi ta a hatsarin mota a hanyar Manchok. Da na koma neman shafin, babu. Diskit ɗin da ya adana rubutun a ciki ya yi funfuna. Yanzu ko wane littafi na buɗe, wannan layin da na goge nake gani.

Shekaranjiya mamarsa ta zo gidanmu da acca a leda. Ta ce, "Ɗana, kai ne ka san hanyar abin nan. Ka bugo mini sunayen nan da ya rubuta a takarda, Pasto ya yarda a karanta a sujada ran Lahadi. In an karanta, zan ji bakin kakarsa da na yarona lokaci ɗaya." Na ce to, Mama.

Abin da ke hannuna takarda biyu ce da na taɓa bugawa daga shafin, ta tsuntsaye kawai. In ba ta su in ce iyakarsa ke nan? In ce intanet ne ya cinye saura? Ko in durƙusa in gaya mata ni ne, kuma da gangan? Kwana huɗu ya rage, shi ya sa na zo Jos yau ban jira Asabar ba. Accar na can bayan ƙofa, har yau ban iya kwance ledar ba.